Dillancin Aiki: Lasisi, Jari da Tambayar Wa Zai Biya La'ada

Bara, ana saura kwanaki kaɗan a ɗauki azumi, ɗan 'yar'uwata ya shigo mini da wata 'yar takarda a ninke gida huɗu, duk gumin aljihu ya jiƙa ta. Rasit ne na naira 5,000. An buga masa hatimi da shuɗiyar tawada, an rubuta kuɗin fom, sannan wani ya yi ɗan jagwalgwalo a ƙasa da sunan sa hannu. Yaron sai murmushi yake. Ya ce, "Kawu, an dace. Litinin za a kira mu intabiyu, kamfanin robobi ne." Shekararsa uku da gama bautar ƙasa, takalminsa ya san hanyar kowane ofishi a Kano.

Litinin ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. A sati na uku muka ɗunguma tare zuwa ofishin. Bene ne mai hawa biyu, ɗakin yana can ƙarshen baranda. Kwaɗo muka tarar a ƙofa, sai ramukan ƙusa huɗu a jikin bango inda allon sunan kamfanin yake a da. Mai shayin da ke gindin benen ko kai bai ɗaga daga tukunyarsa ba, ya ce mana ai ba mu ne na farko ba, tun shekaranjiya samari ke ta sintiri.

Ba wannan ne kaɗai ya sa na bi diddigin harkar ba. Bayan wata biyu wani abokina, wanda ya yi shekaru yana kula da sha'anin ma'aikata a wata masana'anta kafin ya yi ritaya, ya same ni da shawara. Garatutinsa ya fito, yana so ya buɗe kamfanin samar wa mutane aiki. Ya san manajojin masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, ya san irin leburan da suke so, ya san direbobi da masu shara da 'yan lodi. A lissafinsa, shago ɗaya, tebur, kwamfuta da rajista da hukumar kamfanoni ta CAC sun wadatar. Da muka zauna muka baje takardu, ashe abin ya wuce nan nesa.

Dillancin aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Ɗan cin rani da ya sauka a birni ba kai-tsaye yake samun ƙwadago ba, akwai mai masauki ko wani na garinsu da zai miƙa shi ga mai gona ko mai gini. Akwai heluma mai tara lebura. Akwai dattijuwar da kowace unguwa ta sani, wadda in uwargida na neman 'yar aiki ita ake aika wa. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, doka ta daɗe da sa wa wannan sana'a takunkumi, kuma da dalilinta.

Dalilin yana cikin tarihi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya daga hannun Ingila, Turawa suka rasa inda za su samu kuza, suka juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar ƙarti daga lardunan Arewa ana tura su haƙar kuza ala tilas, abin da mutanenmu suka laƙaba wa suna diban gwamna. Sanyin tsaunuka da yunwa da cuta sun kashe da yawa. A kudu maso gabas kuwa, dillalai ne ke kwasar samari a kwalekwale zuwa gonakin koko na tsibirin Fanando Po, wanda ke hannun Sifaniya, har sai da gwamnatocin biyu suka ƙulla yarjejeniya a 1942 don a tsara abin. Wanda ya karanta Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, zai ji ƙanshin wancan zamanin a cikinta. Tana magana a kan duba lafiyar lebura kafin a tafi da shi, da kuɗin motarsa, da mai da shi gida in aiki ya ƙare. Wanda ya rubuta ta kallon mai yiwuwar cuta yake yi wa dillalin lebura, don haka ya ɗaure shi tun bai motsa ba.

Sashe na 23 na dokar ya hana kowa ɗibar ɗan ƙasa aiki, a cikin gida ko a waje, sai da izini ko lasisi. Sashe na 25 shi ne ya ba Ministan Ƙwadago ikon bayar da lasisin ɗibar ma'aikata. Sashe na 71 kuma ya ce ba mai kafa kamfanin dillancin aiki na kuɗi sai da rubutacciyar amincewar Minista. To ka ji. Takardar CAC da abokina ya ɗauka ita ce komai, shaida ce kawai cewa kamfani ya wanzu, kamar takardar haihuwa. Ba ta ba shi izinin taɓa ko lebura ɗaya ba. 'Yan damfara sun san yawancinmu ba mu bambance biyun ba, shi ya sa za ka ga sun sa takardar CAC a firam sun rataye daidai inda idon mai shigowa zai fara sauka. Na tambayi ɗan 'yar'uwata ko ya ga irinta a wancan ofishin, ya ce ƙwarai kuwa, ita ce ma ta kwantar masa da hankali.

Rajistar kanta ba wuya. Tun da aka sabunta dokar kamfanoni a 2020, mutum ɗaya tak na iya kafa ƙaramin kamfani, kuma mafi ƙarancin jarin hannun jari da doka ta yanka wa kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne, ko da yake mai son manyan kamfanoni su ɗauke shi da daraja yakan rubuta fiye da haka. Yawan abin da ka rubuta, yawan abin da za ka biya: an daɗe ana karɓar harajin hatimi na kashi 0.75 cikin 100 na jarin, wato naira 7,500 a kan miliyan 1, naira 75,000 a kan miliyan 10, ban da kuɗin hukumar da na lauya. Wuri ɗaya ne ake yawan tuntuɓe. Dole takardar manufofin kamfani ta faɗi ɓaro-ɓaro cewa ɗibar ma'aikata da samar da su na cikin sana'arsa. Wanda ya ɗauko tsohon kamfaninsa na kwangila da sayar da siminti ya nufi Ma'aikatar Ƙwadago da shi, za a dawo da shi ya gyara.

Daga nan sai neman lasisin, a Ma'aikatar Ƙwadago da Samar da Ayyukan Yi ta Tarayya. Fayil ɗin yana da kauri: takardun rajista, shaidar biyan haraji, bayanin daraktoci da manyan ma'aikata da irin gogewarsu, kundin sharuɗɗan aiki da kamfanin zai riƙa bi, shaidar rajista da hukumomin fansho da na diyyar ma'aikata. Jami'an ƙwadago na jiha za su zo su ga ofishin da idonsu, su tabbatar akwai shi, ba adireshin shagon ƙanin mutum aka rubuta ba. Kuɗin nema da na lasisi kai-tsaye ake biya zuwa asusun gwamnati, don haka duk wanda ya ce a ba shi a hannu ya san abin da yake nufi. Sai kuma abin da ya fi ɗaure wa abokina kai, wato lamuni daga banki ko kamfanin inshora, wanda nauyinsa ke tafiya da girman aikin da mutum zai yi. Hikimarsa a fili take. In kamfani ya kulle ƙofa ya cire allo, a samu inda za a kama a biya ma'aikata haƙƙinsu. Lasisin yana da wa'adi, sabunta shi ake yi, kuma na ɗibar aiki a cikin gida daban, na fitar da mutane waje daban. Masu lasisin suna da ƙungiya, HuCaPAN, wadda ke da ƙa'idojin sana'a da aka tsara tare da ma'aikatar.

Wata 'yar ƙusa kuma: abokina ya sa masu gadi a cikin lissafinsa, don su ne aka fi nema. Wannan wata ƙofa ce dabam. Kamfanonin gadi suna ƙarƙashin dokarsu ta 1986, kuma hukumar Sibil Difens ce ke tantance su. Lasisin ƙwadago ba ya ba ka damar ɗinka wa ƙarti kaki ka jera su a ƙofar banki.

Duk wannan, in an haɗa da hayar ofis, janareta ko sola, intanet, albashin sakatare da akanta, kuɗi ne da mai garatuti zai iya ɗauka in ya daure. Inda gizo ke saƙar yana gaba.

Iri biyu ne sana'ar. Akwai wanda zai nemo ma'aikaci, ya tantance shi, ya miƙa wa kamfani, ya karɓi la'adarsa sau ɗaya, shi ke nan an rabu. Akwai kuma wanda ma'aikatan nasa ne, sunansu na cikin littafinsa, shi ke biyan su, aro kawai yake ba kamfani. Wannan na biyun shi ne ya cika bankuna da kamfanonin waya da masana'antu. Yarinyar da ke ƙirga maka kuɗi a kanta, sanye da rigar banki, sau da yawa ba ma'aikaciyar bankin ba ce, ta wani kamfani ce da ba ka taɓa jin sunansa ba. A nan kuɗin yake, don kowane wata ana samu. A nan kuma ramin yake.

Muka ɗauki biro da abokina. A ce wata masana'anta ta ba shi kwangilar lebura 50. Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma ya hau kan duk mai ma'aikata 25 zuwa sama. Albashi kaɗai naira miliyan 3.5 ke nan a wata. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ba da aiki kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kashi 8. In an yi lissafin a kan duka albashin, nasa kason naira 350,000 ne, kuma dole a zuba cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, in ba haka ba tara ta hau. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a ba asusun NSITF kashi 1 na jimlar albashi, naira 35,000. Mun tashi miliyan 3 da 885,000 ke nan, ba mu sa inshorar rai ba, wadda doka ta ce ta kai ninki uku na abin da ma'aikaci ke samu a shekara, ba mu sa kashi 1 na asusun horar da ma'aikata na ITF ba, wanda ke hawa kan kamfani in ya kai wani girma, ba mu sa takalmin aiki da safar hannu ba.

Sai na tambaye shi, "Alhaji, lokacin da kake can, kwana nawa kuke yi kafin ku biya 'yan kwangila?"

Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, ya yi 'yar dariya. Ya ce in an ga dama wata ɗaya, in kasuwa ta yi nauyi wata biyu, wani lokacin har uku.

Lebura kuwa ba ya jira. Ranar 30 ga wata yana ƙofarka, mai gidan haya na ƙofarsa. Jinkirin wata biyu na nufin ka fitar da kusan naira miliyan 7.8 daga aljihunka kafin kwabo ya shigo, a kan kwangila ɗaya ƙarama. In ka ruga banki, ruwan da ake ɗorawa a shekarun nan zai lashe ɗan abin da ke saman, ga wanda ma zuciyarsa ta yarda da bashin ruwa. La'adar kamfanin ɗan kaso ne a kan albashi, a kansa ake ɗora harajin VAT na kashi 7.5 wanda ba naka ba ne, riƙo kake yi wa gwamnati, sannan kamfanin da ya ba ka aiki zai zare nasa harajin tun daga tushe kafin ya turo. A ganina, ainihin kuɗin buɗe wannan sana'a ba lasisi ba ne, albashin wata uku ne a ajiye wanda ba a taɓawa. Wanda ba shi da shi, ko da niyyarsa fara ce tas, wata rana zai tsinci kansa yana cin kuɗin fanshon mutane don ya toshe ɓaraka, yana cewa in an biya shi zai mayar. Da haka ake fara zama abin da ba a yi niyya ba. In rigima ta tashi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumi tun gyaran tsarin mulki na 2010, kuma ba ta cika sauraron zancen "ba ni na ɗauke shi ba, aro aka ba ni" ko "ba wurina yake aiki ba" ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Mu koma kan kuɗin fom. Mai ƙaramin jari, da ya ga wancan lissafin, abin da zai fara zo masa shi ne ya juya kan masu neman aikin. Suna da yawa, suna cikin matsi, kuma dubu biyar-biyar daga mutum 1,000 miliyan 5 ne ba tare da an sama wa kowa aiki ba. Wannan ita ce sana'ar masu cire allo da daddare. Abin kunyar shi ne har gwamnati ta taɓa faɗawa ciki. Ranar 15 ga Maris 2014, dubban ɗaruruwan matasa suka cika filayen wasa don jarrabawar shiga hukumar shige da fice, kowannensu ya biya naira 1,000, gurabe kuwa ba su kai 5,000 ba. Turmutsutsu ya kashe fiye da mutum 10 a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin.

Ƙa'idar da duniya ta tsaya a kai ita ce mai neman ma'aikaci ne ke biyan dillali, ba mai neman aiki ba. Yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a 1997, ta hana kamfanonin dillancin aiki karɓar kuɗi daga ma'aikaci, kai-tsaye ko ta bayan gida, sai a wuraren da hukuma ta keɓe. Nijeriya ta rattaba amincewarta a Maris 2023. Ga ɗan kasuwa na gaskiya ma wannan ita ce dabara. Wanda manaja ke biya, ƙoƙarinsa ya kawo mutumin kirki don a sake kiran sa. Wanda ɗan neman aiki ke biya, ribarsa ita ce layi ya yi tsawo.

Sai dai hukuncin da ke cikin Dokar Ƙwadago abin dariya ne a yau, don da nairar shekarun 1970 aka rubuta tarar. Ba ita ke tsorata kowa ba. Wadda ke da haƙora ita ce dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, kuma a nan ne batun ya fi shafar mu 'yan Arewa.

Ba gidan da bai san labarin wata da ta tafi aikatau Saudiyya ba. Ejan ya zo, ya ce biza da tikiti duk a kansa, ta biya a hankali daga albashi. Ta sauka, a karɓe fasfo, a kai ta gidan da ba ta zaɓa ba, a ƙarƙashin tsarin kafala wanda ya ɗaure zamanta a ƙasar da sunan maigidan. Saudiyya ta sassauta tsarin a 2021, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida ba. A Afirilun 2020 an ga inda abin ke iya kaiwa, lokacin da wani a Labanan ya sa hoton fasfon wata 'yar Nijeriya a Facebook yana tallar ta a kan dala 1,000, har sai da hukumomin can suka kama shi. Mai son yin wannan reshe bisa doka sai ya riƙe lasisin fita waje, ya nuna kamfanin da yake hulɗa da shi a can da ainihin guraben aikin, a rubuta kwantiragi jami'in ƙwadago ya shaida kafin tafiya, ya kuma bi ta tantancewar NAPTIP. Kamfanin sayar da tikiti da shirya Umara ba shi da wannan izinin, komai girman allonsa. Tazarar da ke tsakanin ejan da mai safarar mutane a idon doka ba ta da faɗi: ƙarya a kan irin aikin, riƙe fasfo, bashin da ba ya ƙarewa. Ɗaya daga ciki ya isa a fara bincike.

Na cikin gida ma bai tsira ba. Ita wannan dattijuwa mai kawo yara daga ƙauye, a raba su gidajen Kano da Kaduna da Abuja, ta riƙa karɓar albashinsu tana cire nata tana aika wa iyaye saura, ba ta taɓa jin sunan lasisi ba, kuma cewa za ta yi taimako take. Dokar 2015 ta mai da ɗaukar yaro ko yarinya 'yar ƙasa da shekara 12 aikin gida laifi mai ɗauri, ga mai kawowa da mai karɓa. Na san gidajen 'yan boko, har da masu sharhi a rediyo, da za su faɗa cikin wannan sashe in da ana bi gida-gida. Kasuwar masu aikin gida babba ce, kuma har yanzu kusan duka a hannun irin waɗannan dillalai take. Wanda zai shigo da tsari, manya kawai, da rubutacciyar yarjejeniya, da ranar hutu, albashi kuma ya faɗa asusun mai aikin ba na wani ba, zai samu masu so. Zai kuma sha tsegumin cewa nasa sun yi tsada.

Akwai wani nauyi sabo da tsofaffin hannu ba su saba da shi ba. Kamfanin dillancin aiki rumbu ne na sirrin mutane: lambar NIN, hoto, adireshi, sakamakon asibiti, lambar asusu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a wuyan mai tarawa. Ɗan 'yar'uwata ya bar kofin duka takardunsa a wancan ɗakin, har da na shaidar ɗan ƙasa. Dubu biyar ɗin ya daɗe da haƙura da ita. Takardun ne har yau in ya tuna sai ya yi tsaki.

Shi kuwa abokina bai fasa ba, amma ya rage buri. Ya ajiye zancen lebura 50, ya ce zai fara da nemo direbobi da akantoci da masu kula da sito yana miƙa wa kamfanoni, a biya shi sau ɗaya, har jari ya yi ƙwari. Lauya ya gyara masa takardar manufofi, fayil ɗinsa na wurin ma'aikatar, yana jiran masu zuwa duba ofis. Satin jiya na leƙa na tarar da shi a tsaye kan mai fenti, ana rubuta allo. A ƙasan sunan kamfanin ya sa an bar fili don lambar lasisi, a ƙasan wannan kuma layi ɗaya da jan fenti: ba a sayar da fom. Mai fentin ya ɗago ya dube shi, buroshi na ɗiga, ya ce, "Alhaji, to a ina za ku ci?"